Kafin Ku Ce Goggo Ta Ruɗe

Samari da ƴanmatan gidajenmu na Garwa da Marwa da Kusri, akwai abin da ya kamata ku sani game da tsofaffin da kuke zaune da su. Yawanci kafin kowa a gida ya lura cewa Baffa ya fara mantuwa, shi ya riga ya lura, ya kuma daɗe yana ɓoyewa. Zai buɗe baki ya kira sunan jikansa, sunan ya ƙi fitowa, sai ya ce "kai yaro". Zai tsaya a sallar azahar bai san raka'a ta nawa yake ba. Mai kanti zai ba shi canjin jaka ɗaya, ya kasa lissafa dalolin, ya zuba a aljihu kamar bai damu ba. Mutumin da ya yi shekara 40 yana cinikin shanu da lissafin ka, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne a gare shi.

Shi ya sa za ku ga ya rage zuwa majalisa, ya daina sa baki a hira, in an tambaye shi abu ya mayar da shi wasa ko ya yi faɗa. Ku kuma sai ku ce tsoho ya fara baƙin rai. Tsoro ne da kunya. Idan ranar da ya yi kuskure aka kwashe da dariya, ko ƙaramin yaro ya gyara masa a gaban baƙi, kun rufe bakinsa ke nan, ba zai sake gaya wa kowa abin da yake ji ba, har sai abin ya yi nisa.

Ba kowace mantuwa ce cuta ba. Tsufa yana rage saurin tunani: suna ya ɓace da safe ya dawo da yamma, a manta inda aka ajiye carbi sannan a tuna. Abin dubawa shi ne lokacin da mantuwar ta fara hana ayyukan da aka saba: Inna ta maimaita tambaya ɗaya sau biyar cikin sa'a guda, ta ɗora tukunya ta fita, ta zuba gishiri sau biyu, ko Baba ya ɓace a hanyar masallacin da yake zuwa tun yana saurayi. Wannan shi ne gigin tsufa na cuta. Babban sanadinsa cutar Alzheimer, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce ke jawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu wannan hali. Wani sanadin kuma lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ne, daga hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki.

Wata magana da ke yawan jawo rikici a gida ita ce "ai tana sane, tunda tana ba da labarin bikinta tiryan-tiryan". Cutar tana fara cin ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke ajiye sabon abu, tsohon ajiya kuwa yana nan har zuwa can gaba. Don haka za ta iya lissafa kayan ɗakinta na aure, amma ta rantse ba a ba ta abinci ba alhali kwanon yana gabanta. Ba ƙarya take yi ba, cin abincin ne bai shiga ma'ajiya ba. Haka nan in ta ɓoye kuɗi ta manta, zuciyarta za ta cike gurbin da cewa an sace, kuma matar ɗa ko jikar da ta fi yi mata hidima ce za ta sha zargin. Kada ku yi musu, kada ku ce ta rantse. Ku ce "Goggo, zo mu duba tare", ku kuma san wuraren da take ɓoyo. A yankinmu da mutum ke jin harshe uku ko huɗu, wanda ya koya daga baya, kamar Faransanci, yakan fara zubewa, ya koma harshen da ya sha a nono, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci. Ku yi masa magana da wannan, ku gaya wa likita ma, don kada a gwada shi da harshen da ya kuɓuce masa.

Akwai ruɗewar da ba ta jiran gobe. Tsohon da jiya lafiyarsa lau, yau ya tashi bai san inda yake ba, yana sambatu ko yana ta barci, wannan ba gigin tsufa ba ne, domin shi a hankali yake zuwa, wata da watanni. Ruɗewar farat ɗaya takan fito daga zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, faɗuwar suga ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma tsoho yana iya ɗauke da cuta jikinsa bai yi zafi ba. A watan Maris da Afrilu, da zafin Marwa da Njamena ke wuce digiri 40, abin ya fi yawa, saboda tsufa yana rage jin ƙishirwa. Ku riƙa miƙa ruwa ko bai nema ba, wajen lita ɗaya da rabi a yini, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. In ya ruɗe haka, asibiti ranar. Addu'a ba ta hana awon jini. Maganar maita kuwa, da ake jefa wa tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare, zalunci ne a kan mara lafiya.

Ko mantuwar ta sannu-sannu ce, a je a duba, domin wasu dalilan suna da magani: ƙarancin bitamin B12, raunin aikin ƙwayar wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo (thyroid), ciwon damuwa bayan rasuwar miji ko mata, da rashin ji, tunda abin da kunne bai kama ba ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe ba. A auna jini, in yana kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, a nemi magani. Ku tafi da duk ƙwayoyin da yake sha a leda, har na masu talla a kasuwa, musamman na barci irin su diazepam da wasu magungunan mura, waɗanda ke ƙara ruɗa tsoho, su sa shi faɗuwa. Alzheimer kanta ba a samo maganin warkar da ita ba tukuna, duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai warkar, ku riƙe kuɗinku.

A gida, ku daina gwada shi da "Baba, wane ne ni?". Ku faɗi sunanku da kanku tun daga sallama. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, zaɓi biyu kawai: kunu ko shayi. Kada a canza masa ɗaki ko a riƙa yawo da shi gidajen ƴaƴa don a raba nauyi, sabon wuri yana tsananta ruɗewa. Wajen magariba abin yakan tashi, ya ce zai tafi gida alhali yana gidansa, sai a kunna fitila da wuri, a rage hayaniyar yara. Mutum ɗaya ya riƙe maganinsa don kada a ba shi sau biyu. Wanda ya taɓa ɓacewa, a ɗinka ƙyalle mai sunansa da unguwa da lambar waya a cikin rigarsa, a kuma sanar da liman da masu shagon layi da ƴan babur ɗin bakin titi, don in sun gan shi ya nufi wajen kogi ko babbar hanya su dawo da shi.