Binciken makamashi mai tsabta da rijiyarmu da ta daina ba da ruwa

A ƙauyenmu da ke kwarin Haɗeja akwai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, wadda wata ƙungiya ta haƙa mana shekaru kaɗan da suka wuce. Ranar da aka buɗe ta an yi taro, dagaci ya yi jawabin godiya, mata suka yi guɗa, aka ɗauki hotuna, baƙi suka koma birni. Ruwa ya zuba kusan shekara biyu, sannan wata rana famfon ya tsaya. Farantan suna nan a kan ƙarafunansu, rana tana dukansu daga hantsi har la'asar, amma tankin babu ko ɗigo, kuma 'yan matanmu sun koma ɗaukar jarka zuwa tsohuwar rijiya da guga. Duk lokacin da na karanta wani bincike a kan sauya makamashi zuwa wanda ba ya fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya, wannan rijiyar ce take fara faɗo mini a rai, domin ina da yaƙinin cewa a rahoton waɗanda suka haƙa ta har yanzu ana lissafa ta cikin ayyukan da suka yi nasara.

Ba na cikin masu cewa maganar sauyin yanayi tatsuniyar Turawa ce. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa, ya ga gonakin shinkafa sun nutse kuma gidajen ƙasa sun rushe, ko wanda ya san yadda rairayi yake matsowa ta wajen Maigatari da Birniwa, ba ya buƙatar a kawo masa hujja daga waje. Ƙasarmu ma ta ɗauki alkawari: a taron Glasgow na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce Nijeriya za ta kai matsayin da hayaƙin da take fitarwa ba zai fi wanda ake shanyewa ba nan da 2060, a shekarar aka sa hannu a dokar sauyin yanayi, sannan a watan Agusta na 2022 aka ƙaddamar da shirin sauya makamashi, wanda ya ƙiyasta ƙarin kuɗin da ake buƙata a kan dala biliyan 410. Waɗannan takardu aikin masana ne, kuma na yarda an yi su da gumi. Damuwata ita ce tambayar da aka gina yawancinsu a kai ba tamu ba ce. A Jamus ana tambayar yadda za a rufe tashar kwal a maye gurbinta da iska da rana ba tare da an ɗauke wa kowa wuta ba. Mu kuwa muna cikin mutane wajen miliyan 85 da Bankin Duniya ya ce ba su da wutar lantarki a Nijeriya, kuma nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya. Abin da manomin Auyo yake nema shi ne ya samu makamashin tun farko, wanda zai iya biya, wanda kuma ba zai mutu a hannunsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sauyin ya riga ya fara a fadama, kuma ba takardar siyasa ce ta kawo shi ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Kawuna yana noman rani, albasa da tumatir da ɗan alkama, kuma injin ban-ruwansa na fetur ne. A ranin da ya biyo baya ya rage fili, domin kuɗin mai ya fara cinye ribar tun kafin tumatir ya nuna. Da ya ga maƙwabcinsa ya sa farantan sola da ƙaramin famfo, kwana uku yana zuwa yana tsayawa a bakin gonar yana kallon ruwa yana gudu ba ƙarar inji. Da na tambaye shi me ya hana shi saye, sai ya ce: "Malam, ai ba son abin ne ba na yi ba. Fetur ina sayensa lita biyu yau, lita uku gobe. Wannan kuwa kuɗinsa gaba ɗaya ake so a dunƙule, ni kuma sai kaka nake ganin kuɗi a dunƙule." A cikin wannan amsa akwai abin da ya isa a yi digirin digirgir a kai. Farashin farantan sola ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari a duniya tsakanin 2010 da 2020, amma faɗuwar naira ta cinye wani ɓangare na wannan sauƙi kafin ya iso kasuwar Haɗeja, kuma babu tsarin bashi da ya san cewa manomi yana biya ne bayan girbi, ba ƙarshen wata ba. Akwai kuma tambayar da nake so masana ruwa su amsa mana tun da wuri: idan famfo ya daina cin mai, kowa zai bar shi yana zuba yini guda, to me zai faru da ruwan ƙarƙashin ƙasa a kwarin da tun gina madatsar Tiga da ta Challawa ake kukan raguwar ruwan da ke isa dausayin Haɗeja da Nguru?

Maganar girki ta fi wannan nauyi, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutane wajen miliyan 3 a shekara. Na tashi ina ganin Inna tana durƙushe gaban murhu mai duwatsu uku, tana hura ɗanyen itace da damina, idanunta jajur, tana tari tana share hawaye da gefen zani. Lokacin da ƙanena ya kawo mata ƙaramar tukunyar gas ta yi murna, ta kuma yi amfani da ita wajen dafa shayi da ɗumame, amma tuwon mutum goma sha biyar bai taɓa hawa kanta ba, saboda tukunyar tuwon ta fi ƙarfin kan, tuƙi yana son murhun da ba ya motsi, kuma idan gas ya ƙare sai an hau babur zuwa gari, alhali karan dawa yana jingine a bayan ɗaki ba da ko sisi ba. Masu bincike sun san wannan ɗabi'a ta haɗa makamashi iri biyu ko uku a gida ɗaya. Wani bincike da aka yi a jihar Odisha ta Indiya, inda aka bi gidaje har shekara huɗu bayan an ba su ingantaccen murhu, ya gano cewa hayaƙi ya ragu a shekarar farko, sannan amfanin ya ɓace domin murhun yana lalacewa ba a gyarawa, mutane suna komawa tsohon. Darajar wannan bincike a wurina ita ce masu shi sun koma, sun sake komawa, ba su rufe littafi ranar rabon kaya ba.

Irin wannan komawar ce nake roƙon jami'o'inmu su ɗauka a matsayin aikinsu. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna, kuma tun 2019 tana da tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a harabarta. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, akwai cibiyar binciken makamashi a Sakkwato. Ɗalibai suna zuwa mana da takardun tambayoyi, yara ne masu ladabi, suna durƙusawa su gaida dattawa, su tambayi "Baba, nawa kuke kashewa a kan itace a wata?", su cike gurbi su tafi. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ya faɗa mana abin da ya gano ba, balle da Hausa. Da wani sashe zai ɗauki ƙananan hukumomi uku kawai, ya ƙirga duk rijiyar sola da fitilar titi da firjin allurar riga-kafi da aka sa cikin shekara goma, ya rubuta nawa ne ke aiki, me ya kashe waɗanda suka mutu, nawa gyaran zai ci, da ya ba gwamnati abin da ya fi ƙiyasin shekarar 2060 amfani a yau. Lokacin ma ya dace, domin dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma a ƙarshen shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don ƙananan tashoshin sola da na gidaje ta hannun hukumar samar da lantarki a karkara. Kuɗi irin wannan idan ya shigo ba tare da sanin dalilin mutuwar ayyukan baya ba, ina tsoron za mu ƙara yawan farantan da ke tsaye a rana ba aiki.

Mun kira wani yaro mai gyaran sola daga Haɗeja ya duba rijiyarmu. Ya share ƙurar hunturu da ta lulluɓe farantan, ya buɗe akwatin da ke sarrafa wutar, ya nuna mana inda ya ƙone, ya ce famfon da ke cikin rami lafiyarsa lau. Kayan sai an aiko daga Kano, kuma babu wanda aka bar wa lambar da za a kira ko aka koya wa ko da share faranti. Mai unguwa ya tara magidanta bayan sallar isha'i, aka yanke cewa kowane gida zai kawo mudu biyu na gero idan an yi girbi, a sayar a yi gyaran, abin da ya saura a ajiye a hannun mutum uku saboda gaba. Ni aka ba littafin rubuta sunaye, kuma zuwa daren jiya gida arba'in da ɗaya sun sa hannu.