Gefen Gonar Ba Namu Ba Ne

'Yan'uwana a cikin Ubangiji, salama gare ku.

Akwai wata doka a Littafin Firistoci 19:9-10 da na daɗe ina karantawa ina wucewa, sai kwanan nan ta tsaya mini a rai. Ubangiji ya ce wa Isra'ilawa, in lokacin girbi ya yi, kada su girbe gona har bakin iyaka, kada kuma su koma su tsince abin da ya zuba. Wannan na matalauci ne da baƙo. Ya sake faɗa a sura 23 aya 22, domin ya san halin ɗan Adam da mantuwa. A Maimaitawar Shari'a 24 ya ƙara da cewa in ka manta da dami a gona, kada ka koma ɗauko shi; in ka kakkaɓe zaitun sau ɗaya, kada ka sake bin rassan. Ka bar wa baƙo da maraya da gwauruwa. Ya kuma faɗi dalili: ku tuna, ku ma dā bayi ne a Masar.

Ku lura da kyau. Bai ce ka kwashe duka ka zuba a rumbu, ranar da tausayi ya kama ka sai ka ɗebi kaɗan ka miƙa ba. Tun hatsin yana tsaye aka fitar da rabon mai yunwa. Mai gona ne ya yi huɗa, shi ya shuka, shi ya sha rana wajen noma, amma duk da haka gefen nan haƙƙin wani ne. Wanda ya sa lauje a wurin, haƙƙi ya ci.

To, da yawa cikinmu yau ba mu da gona. Albashi muke jira, ko cinikin rana, ko ladan aikin hannu, kuma muna girbe shi tas har bakin iyaka kafin wata ya ƙare. Ina gefenmu? A ganina lambun nan da ke bayan majami'armu shi ne gefen da Allah ya ba mu dama mu bari. Saboda shi nake wannan rubutu, kuma da kaina zan fara.

Ranar da aka buɗe lambun, ina cikin waɗanda suka fara ɗaga hannu. Aka yi addu'a, aka yi waƙa, aka ba ni kunya biyu na dashen tumatir in riƙa ba su ruwa. Mako na farko na je kullum. Na biyu, na je sau biyu. Daga nan sai uzuri ya fara bin uzuri, kowanne kuma na gaskiya ne a idona. Da na koma bayan kwana goma, ƙasar ta tsattsage, ta yi tauri kamar daɓe. Na durƙusa na taɓa ɗaya daga cikin tsiran, ganyen ya murmushe a yatsuna. Babu wanda ya yi mini faɗa. Wata dattijuwa da ke cire ciyawa a kunyar kusa ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, sannu da zuwa. Ɗauko buta, waɗancan na ƙarshe da sauran rai." Wannan magana ta fi bulala shiga jikina. Na gane cewa alkawarin da na karya ba ga kwamiti na yi shi ba. Akwai tukunyar da ta kwana babu miya saboda ni.

Lambu ba ya mutuwa ranar shuka, don ranar kowa yana nan. Ranar girbi ma ba a rasa jama'a. A tsakiya yake mutuwa, cikin makonnin da babu abin gani sai ciyawa da ƙwari da ɗaukar ruwa da sassafe. Manzo Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma (1 Korintiyawa 3:6). Masu shuka muna da su. Ikon Allah kuwa bai taɓa gazawa ba. Su Afolos ne suka yi mana ƙaranci.

Wani zai ce, me ya sa ba za a tara baiko a sayo abinci a raba ba, a huta da wahalar lambu? Rabo yana da wurinsa, musamman in yunwa ta zo da gaggawa. Amma ku dubi Rut. Yunwa ce ta kori iyalin Na'omi daga Baitalami, garin da sunansa ma ke nufin gidan abinci, suka tafi Mowab. Na'omi ta dawo babu miji, babu 'ya'ya, sai surukarta Rut, baƙuwa kuma gwauruwa. Dokar nan ta kala ce ta ciyar da su. Bo'aza, mai gonar da Rut ta je kala, mai arziki ne, da ya so da ya aika musu buhu gida a wuce wurin. Maimakon haka ya ja masu girbinsa gefe ya ce su riƙa zare zangarniya daga dami suna yarwa da gangan, kada kuma wanda ya tsawata mata. Rut ta yi kala har yamma, ta sussuka, ta samu sha'ir kusan efa guda, wato wani babban ma'aunin hatsi na zamanin, ta ɗauka zuwa gida. Da guminta ta shiga wurin Na'omi, babu sunkuyar da kai. Wannan mai kalar ce ta haifi Obida, kakan Sarki Dawuda, kuma sunanta yana cikin asalin Yesu Almasihu a farkon Bisharar Matiyu.

Na ga irin wannan da idona. Akwai wata mata da takan jira sai kowa ya watse bayan sujada kafin ta matso kusa da shingen. An miƙa mata ganye, ta ƙi karɓa. Ta ce a ba ta fartanya tukuna. Sai da ta nome kunya guda, ta wanke hannu, sannan ta yarda aka cika mata kwando. Yanzu ita ke koya wa matasa yadda ake dashe da yamma don kada rana ta ƙone tsiro. In kun shigo lambun, ba za ku iya bambance wanda ya zo bayarwa da wanda ya zo karɓa ba, kowa ƙafarsa da laka. Layin rabo ba ya iya ba mutum wannan.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023. Lambunmu ba zai taɓa ko gefen wannan adadi ba, na sani. Amma ba za a tambaye mu miliyoyi ba. A Matiyu 25 mutum ɗaya ne ke magana: na ji yunwa, kun ba ni abinci. Yakubu kuma ya tambaya a wasiƙarsa, in ɗan'uwa ba shi da abincin yini, ka ce masa ya sauka lafiya, ya ci ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, ina amfanin wannan? Mu masu yawan cewa "Allah ya buɗa" ne, 'yan'uwa. Addu'a ce mai kyau. Wani lokaci kuwa mabuɗin yana aljihun mai addu'ar.

Ga abin da lambun yake nema. Ruwa ne kan gaba: tanki da tiyo, don tsofaffi su daina jido da bokiti. Shinge ya ɓalle ta gefe ɗaya, dabba ɗaya kuwa ta isa ta cinye aikin wata guda cikin dare. Ana bukatar iri, da fartanya, da baro na kwasar taki. Wanda ba shi da kuɗi, ɓawon kayan miya da busasshen ganyen da yake zubarwa taki ne in an tara shi ya ruɓe, ya kawo. Wanda ya san noma ya zo ya gaya mana inda za a sa wake don ƙasa ta farfaɗo. Mai abin hawa ya kai wa marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya fitowa. Mai bayar da kuɗi kuma, ina roƙonka, ƙaramin abu kowane wata ya fi babban abu sau ɗaya, domin da shi ne masu kula za su san abin da za su iya shukawa. Duk abin da ya shigo ana rubutawa, ana karantawa a gaban ikkilisiya, kamar yadda manzanni suka sa a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida don rabon gwauraye ya tafi daidai.

Takardar ban ruwa tana manne a ƙofar majami'a. Na duba ta jiya: safiyar Talata da ta Alhamis babu suna ko ɗaya. Na rubuta nawa a Talata, kuma ina roƙonku ku tambaye ni ranar Lahadi ko na je. Alhamis tana nan tana jira.