Ranar da Na Yi Tatsuniya da Rana

Alkawari na ɗaukar wa yaran layinmu cewa zan shirya musu daren tatsuniya na gaske, da tabarma da farin wata da tsohuwa. Tsohuwar ba ta yi wuyar samu ba, kakata Iya tana nan da ranta da bakinta. Daren ne ya gagara. A Kano, samun dare ɗaya da babu wani sha'ani sai an tona. Sha'aban na masu aure ne da masu saukar Alƙur'ani, kowa na rige-rigen gamawa kafin a ga wata. Na sa ido a kan 20 ga Maris, ranar da aka ware a duniya don ba da labari da baki, sai ga ta a 2025 ta faɗo a bakin goman ƙarshe na azumi. Wa zai bar tahajjudi ya zo jin Gizo? Da sallah kuwa yara na yawon sallah, manya na gardamar ko za a yi Hawan Daushe ko ba za a yi ba. Da na hango 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya da aka fara tun 2015, sai na zagaye ta da jan biro, na ji kamar na tsinci dami a kala.

Kalandar bango na duba, ban ɗaga kai na dubi sama ba. Farin watan da ake tatsuniya a cikinsa na daren 13 zuwa 15 ne, lokacin da wata ke fitowa tare da magariba. Daga nan kullum sai ya ƙara makara da kusan minti hamsin, kafin daren 19 yara sun yi barci bai leƙo ba. Talatar da na zaɓa kuwa wata kwanansa biyu, jinjiri ne sirit kamar yankan farce, ba a daɗe da idar da isha ba yake bin rana. Kuma watan wane ne? Rabi'ul Awwal. Duk wata rumfa, kujera da lasifika da ke gidan haya a unguwarmu makarantun Islamiyya sun kama su tun Safar, ana ta jerin maulidi har zuwa Takutaha. Da ƙyar mai haya ya yarda ya ba ni lasifika ɗaya da makirufo da ƙaramin janareto, da sharaɗin ƙarfe bakwai zai aiko a kwashe.

Sai na yi dabarar da nake ganin ta masu ilimi ce: na mayar da daren tatsuniya ƙarfe biyar na yamma.

Sauran shiri na yi shi tsaf, wannan ko maƙiyina zai shaida. Babbar tabarmar roba tana ɗaukar yara takwas zuwa goma in an tanƙwashe ƙafa, na shimfiɗa shida a ƙofar gida, na jera su kamar kofaton doki domin kowa ya ga bakin mai magana. Ƙanana a gaba, masu ƙiriniya a gefen da hannuna zai kai. Janareton irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, lita biyu ta ishe shi zaman, na kai shi bayan katanga da doguwar waya saboda ƙara. Na sayi gyaɗa kwano biyu da alewa leda uku, na ɓoye, don in ka raba tun farko, taron ya watse ke nan. Maganin sauro na hayaƙi guda huɗu, ɗaya a kowace kusurwa.

Biyar saura kwata Iya ta iso. Ta dubi tabarmi, ta dubi lasifika, sannan ta dubi rana da ke tsaye a kan katangar maƙwabta.

"Maigidan, wa za a ɗaura wa aure?"

"Ke za a saurara, Iya. Ga kujerarki can."

"Da ranar Allah? Ni ban shirya ɓata ba. In kai ka gaji da gidanku, bismillah."

Na san camfin, kowa ya san shi: wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓace a hanya. Na kuma san maganinsa, a tsige gashin ido ɗaya a ce an ɗaure Gizo. Na ce mata to a ɗaure shi mana. Ta ce gashin idonta guda nawa ya rage da za ta yi asararsa a kan taron da ba a shawarce ta ba? Ta nemi a ba ta buta da abin salla, ta shige wajen matar gidan.

Yara sun kai hamsin, sun zuba mini ido. Na fara jan lokaci da kacici-kacici, wanda dama shi ne share fage. Na ce ƙulin ƙulifita, suka ce gauta. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya? Tsintsiya. Baba na ɗaka gemu na waje? Hayaƙi. Guda bakwai na tanada, na zaci za su ci rabin awa, cikin minti shida suka cinye su. Sai wata 'yar ficiciya ta jefo mini nata, na kasa, dole na ba ta gari. Na ba ta Wudil, ta ce ba ta so, Madina take so.

Da na ga babu sarki sai Allah, na ɗauki makirufo na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ban tsige komai ba. Mutum da digirinsa?

Kafin su ce ta zo mu ji ta, lasifika ta yi wata ƙara da ta sa akuyar maƙwabta tsinke igiya. Kuskuren nawa ne: na ajiye ta a bayana, sautin da ke fita yana komawa cikin makirufo yana zagayawa. Wurinta gaba da mai magana, bakinta na kallon jama'a. Na gyara, na kama tatsuniyar Gizo da hankaki, wadda suka ara masa gashi ɗai-ɗai ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi. A nan na gane sanin tatsuniya daban, iya ta daban. Gizo tsamin baki gare shi, ba ya cewa sarki sai shaiki, ni kuwa na sa shi yana magana kamar mai karanta labaran ƙarfe bakwai. Na manta a ina Ƙoƙi ke shigowa, na shigo da ita a tsakiyar kogi. Wani yaro ya ɗaga hannu kamar a aji ya ce, "Kawu, ai ba ta da fiffike." Na ce a wannan tatsuniyar tana da shi. Ya ce to wa ya ara mata? Na kai ƙarshe cikin minti huɗu, na ce ƙurunƙus, babu wanda ya motsa, don ba su san an gama ba.

Allah ya kawo mini agaji ta gabas. Duk wanda ya san Agusta a Kano ya san hadarin yamma ba ya sallama: gari ya yi ɗif, iska mai sanyi ta taso da ƙura, daga nan minti goma gare ka. Na ɓata biyar wajen tunanin ko zai wuce. Tabarma biyu suka tashi sama, ɗaya har yau ban gan ta ba. Yaron mai haya ya zo ya sure lasifika yana mini kallon wanda ya ci amana. Rabin yara suka gudu gida, sauran muka dura cikin soro, aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba da zarar an ga walƙiya.

Sai bayan isha Iya ta fito, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta sa aka kashe fitilar da na kunna, wai ƙwari take tarawa kuma tana sa yara kallon juna. Aka bar 'yar tocila ɗaya an kifa ta a bango. Tatsuniyar da na kashe ita ta ɗauko, don wulaƙanci. Ba ta ɗaga murya ba, ƙasa ta yi da ita, har sai da yara suka matso da kansu suna tsawata wa mai tari. In hankaka zai yi magana sai ta shaƙe wuya, in Gizo ne sai ta karkace baki ta ce "yanka ya daɗe", soro ya ɗauka. Waƙar ciki sau uku ta rera ta: na farko ita kaɗai, na biyu suna amshi, na uku ta yi shiru suka yi da kansu. Inda hankaki suka ƙwace gashinsu suka bar Gizo a kan ɓaure, sai ta tsaya cak ta nemi goro. Ta ɓare shi, ta gutsira, ta tauna, yara kamar su yi kuka. Minti goma sha biyu ta ɗauka, na duba agogo. Ta ƙara biyu, gajera sannan ta Dodo a ƙarshe, don kowa ya tafi gida da sauri ba tare da an kore shi ba. Ta rufe da ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Aka raba gyaɗa.

Tara da rabi ruwa ya tsagaita, na ɗauki tocila zan raka ta. Tsakanin gidana da nata tafiyar minti goma ce ta cikin lungu, hanyar da nake bi tun ina zuwa makarantar allo. Lungun farko ruwa ya cika shi har ƙauri, na ce mu zagaya. Na biyu an toshe shi da rumfar maulidi. Na uku ya kai mu ƙofar wani gida da ban taɓa gani ba. Gari baƙi ƙirin, babu wuta babu wata, kowace katanga ta zama 'yar'uwar ɗaya. Na ce bari in bi sautin lasifika, ashe maulidi huɗu ake yi a kusurwa huɗu. Na ciro waya, taswira ta nuna mini muna tsaye a tsakiyar kududdufi. Mai shayi ɗaya muka wuce sau uku. A na ukun ya ce, "Alhaji, ko dai a dafa muku ne?"

Duk wannan Iya na biye da ni da sandarta, ko uffan. Sai da muka shafe minti arba'in na juyo na ce, "Iya, kin gane inda muke kuwa?"

"Tun ɗazu. Bayan gidana ne nan. Sau biyu muna wuce ƙofar."

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Kai ne mai rakiya."

Ta shige, ta turo almajirin gidan da fitila ya mayar da ni. Kafin ta rufe ƙofa ta leƙo ta ce in tsaya a haska fuskata, tana so ta ga ko gashin idon nawa na zinariya ne.