Gizo Zai Yi wa Ɗan Dodo Aski

Gizo: Allah gafarta Malam Dila, ga goro. Buga mini ƙasa, Dodanniya ta kusa sauka.

Dila: Ni lissafi nake yi, ban da bugun ƙasa. Me ya haɗa ka da cikin matar Dodo?

Gizo: Na karɓi buhun gero biyu, ladan askin suna. Sai daga baya na ji wai 'ya'yansu uku da ƙaho suka zo duniya, kowanne ya tunkuyi wanzaminsa.

Dila: To matso. Dodo na da ƙaho, amma gyatumarsa ba ta da shi. Haka ita ma Dodanniya. Ke nan kowannensu iri biyu yake ɗauke da su: na ƙaho, mai rinjaye, da na rashin ƙaho, wanda ke ɓoye. Ga gida huɗu na zana, kamar na dara. Gida ɗaya ƙaho ya gamu da ƙaho. Gida biyu an gauraya, ƙaho ya danne. Na ƙarshe ne kaɗai kai sumul.

Gizo: Wa ya koya maka wannan tsafin?

Dila: Wani fada, Gregor Mendel, da ya yi shekaru yana aurar da waken Turawa a lambu a garin Brno. Ya fitar da sakamakonsa a 1866. Ya ƙirga ƙwaya 6,022 rawaya, 2,001 koriya. Uku da ɗaya ke nan.

Gizo: Alhamdu lillahi! Uku sun wuce, na huɗu nawa ne. Bari in wasa aska.

Dila: Tsaya, Gizo! Ciki ba ya ajiye littafi. Kowace haihuwa sabon lale ake yi, kamar yadda ake gadon cutar sikila wajen ma'aurata masu jinin AS da AS. Ko na goma ne, ɗaya cikin huɗu ne.

Gizo: Ashe waken nan ba shi da amana.

(Ƙoƙi ta faɗo tana haki.)

Ƙoƙi: Maigida, albishirinka! Dodanniya ta sauka. Tagwaye!

Gizo: Malam, su fito duka biyun ba ƙaho fa?

Dila: In ba masu kama ɗaya ba ne, huɗu sau huɗu: ɗaya cikin 16.

Gizo: Ƙoƙi, maza ɗauko geron mutane a mayar.

Ƙoƙi: Wane geron? Furar da kake sha da asuba da tsakuwa nake dama ta?

Gizo: Malam, tsakaninka da Allah, Kura ta iya riƙe aska?