Kafin a sake yanka fegi a Khartum, a fara tsare filin unguwa

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe Khartum, babban birnin ƙasar, a watan Maris na 2025 daga hannun rundunar RSF da ke yaƙi da su, jama'a suke komawa gidajensu, kuma maganar sake gini ba ta wuce ta lantarki da ruwan famfo da gadoji da asibitoci. Abin da ba a cika ambata ba shi ne filin nan na tsakiyar unguwa da ake kira midan, wanda a ganina shi za a fara rasawa idan aka shiga rabon fegi cikin gaggawa, domin shi kaɗai ne ba shi da mai riƙe da takarda da zai tsaya masa a gaban hukuma.

Tun zamanin Turawan Ingila aka kasa unguwannin birnin zuwa daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku, kuma yawancin Hausawa a ta ukun suke, ko a wuraren da awon gwamnati bai kai ba. Duk da haka masu zana taswira sukan bar fili a tsakiyar gidaje. A nan ake kafa rumfar zaman makoki da ta biki, a nan ake shimfiɗa tabarmin buɗa-baki da azumi, yara su buga ƙwallo bayan la'asar, mai shayi ta dasa kujerunta a gindin darbejiya. Mutumin da iyalinsa goma ke cikin ɗaki biyu ba shi da wani zaure da ya wuce wannan fili.

Matsalar tana cikin mallaka. Tun dokar 1970 da ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba hannun gwamnati, hukuma ce mai fili, kuma ita ce ke samun kuɗin shiga idan aka sayar da shi. Dokar tsara birane da rabon filaye ta 1994 ta tanadi kwamitocin da ke amincewa da taswira, amma taswirar da kwamiti ya zana kwamiti na iya sauya ta. Kuma ba a cinye midan rana ɗaya. Da farko ɗan shagon kwano ne a kusurwa, sai a jera shaguna a gefe da sunan za su riƙa tallafa wa masallaci ko makaranta, daga nan sai a wayi gari an zuba bulo da yashi, wani ya fito da takarda mai hatimi. Wanda ya san dajin turare da aka dasa a kudancin Khartum domin tare ƙura, wato Hizam al-Akhdar, ya san cewa gidaje ne a mafi yawan wurin a yau.

Ko an ajiye maganar inuwa da wasan yara, akwai ta ruwa. Khartum shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai laka, ba ta shanye ruwan sama da wuri. A watan Agusta na 1988 ruwan da ya kai kimanin milimita 200 ya sauka cikin dare guda, fiye da mutum miliyan ɗaya suka rasa matsuguni, kuma gidajen ƙasa na talakawa ne suka fi rushewa. A 2020 sai da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku saboda ambaliya. Ruwa ba ya tsami banza, in ji Hausawa. Duk kwarin da aka cike aka yi gini a kansa, da duk filin da a da ruwa ke kwantawa a ciki kafin ya janye, an karkatar da ruwansa ne zuwa ɗakin wani. Mutanen garin Kassala a gabashin Sudan, da ke zaune da kogin Gash mai yawan ambaliya, ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara nuna amfanin waɗannan filaye ta hanya mai ɗaci. Da zuwa maƙabarta ya gagara, a cikinsu aka binne mamata da yawa. Yanzu da hukumomi ke tono gawarwakin suna mayar da su maƙabartu, filayen za su sake zama wayam a daidai lokacin da baitulmali ya bushe, takardun filaye da dama suka ƙone ko suka ɓace, dillalai kuma suka dawo bakin aiki.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi: ga dubban iyalai babu wurin kwana, yaya za a bar ƙasa a kwance? Amsata ita ce ba midan ne ya hana talaka fegi ba. Abin da ya cinye ƙasar Khartum shi ne rabon manyan fegi ana ta miƙewa cikin hamada, da yawansu a zagaye da katanga shekara da shekaru babu gini, masu su na jiran farashi ya tashi. Idan aka rage girman kowane fegi kaɗan, aka matso da gidaje kusa da juna, adadin iyalan da za su samu wuri ba zai ragu ba, abin da aka rage kuma ya taru ya zama fili guda mai amfani. Bututun ruwa da wayar lantarki ma sun fi araha a unguwar da ba ta warwatse ba.

Sai dai a sauya yadda ake fara aikin. Masu awo su fita da damina su ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, su cire waɗannan wurare da manyan itatuwa daga lissafi, sannan a yanka fegi a abin da ya saura. Filin da aka ware a yi masa rajista da lambarsa a matsayin na amfanin jama'a, a ba kwamitin unguwa kwafin takardar, a kuma shar'anta cewa ba za a sauya amfaninsa ba sai an sanar da mazauna a fili an saurari ƙorafinsu. Dattawan unguwanninmu, daga Ingaz da Mayo na Khartum har garin Gadarif, bai kamata su jira a zo musu da wannan ba. Su nemi taswirar unguwarsu a ofishin filaye tun yanzu, su dasa itatuwa a kan iyakokin midan kafin damina ta wuce.