Kun taƙaita batun Flint

Madalla da wannan tarihi da kuka wallafa na Farfesa Marc Edwards, masanin ingancin ruwan sha na jami'ar Virginia Tech a Amurka, amma batun gurɓatar ruwan garin Flint na jihar Michigan kun yi masa tsallake. A 2014 hukuma ta koma ɗibar ruwan kogin garin ba tare da zuba maganin da ke hana ruwa cin bututu ba, dalma ta riƙa shiga ruwan famfo. Iyaye mata na ɗaga kwalabe, ruwa ja wur kamar shayi, ana ce musu lafiya lau. A 2015 Edwards da ɗalibansa suka auna ruwan gidaje, sakamakon ya ƙaryata jami'ai. Dama ya taɓa yin irin wannan faɗa a Washington. Mu da muka ga ɓarnar dalma kan yaran Zamfara a 2010, wa yake auna mana ruwan rijiya?