Siririn bakin alƙalamin Japan ba aibi ba ne

Mutum ya sayi sabon alƙalamin tawada na kamfanin Pilot ko Sailor na Japan, ya ga an buga M (alamar matsakaicin kauri) a bakinsa, ya ɗora a takarda, rubutu ya fito siriri. Nan take sai ya ce jabu aka sayar masa, ko kuwa bakin ya toshe.

Ba haka ba ne. Awon Japan daban yake da na Turai. M na Pilot kusan daidai yake da F (alamar siririn baki) na kamfanin Lamy na Jamus. Dalili kuwa rubutun kanji, haruffan da Japanawa ke rubutu da su: akwai harafin da zanensa ya haura 20, duk a cikin ɗan gida guda. Baki mai kauri zai cuɗe su su zama dunƙulen tawada.

Sailor, da aka kafa a garin Kure na Japan a 1911, bakin alƙalaminsa yana ɗan jan takarda kamar fensir. Da gangan ake goge shi haka, kuma ni wannan jan nake so.

Abin da ke ɓata min rai shi ne dannawa. Mai danna alƙalami don rubutu ya yi kauri, tsagar bakin yake buɗewa, gyaranta kuwa da wuya. In kauri kake so, nemi mai alamar B, wato baki mai kauri.